Kanumfarin da Na Ƙulle a Bakin Gyale

A gidan nan akwai maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, ana tsammanin ba na ji. Ana cewa ni ce na sa aka ƙwace wa ubanku lasisin tuƙi, ni ce na sa kuɗin inshora ya fi ƙarfin gidan, ni ce na sa yayarku Amira ta yi shekara uku tana bin bas alhali sa'o'inta suna jan mota. Kunnena bai mutu ba. Turanci ne ban iya ba, shi ma ina gane in da ni ake. To, ga yadda abin ya faru. Ni ban yi boko ba, allon ma iyakar abin da zan yi sallah aka koya mini a gida, don haka faɗa nake a waya, gwaggonku Binta tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara mini magana.

Kun sha tambaya me ya sa ba na kiran sunan ubanku. Shi ne ɗana na fari. A garinmu, can gefen Malumfashi, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zuba masa ido. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ina ganinsa a tsakar gida kamar yadda nake ganin 'ya'yan maƙwabta, in ya faɗi wata ce ke ɗaga shi. Ku da kuka tashi a nan kuna ganin rashin so ne, ba zan tsaya gardama da ku ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, har furfura ta fito masa a gemu ban taɓa kallon fuskarsa na daɗe ba. Amma abin da ban gani da ido ba, kunnena da hancina suna kawo mini.

Bayan rasuwar kakanku ya sa aka kawo ni nan Amurka, garin Greensboro. A lokacin aikinsa tuƙa ƙaramar bas ta wani kamfani, yana ɗaukar tsofaffi marasa lafiya ya kai su asibiti ya mai da su gida. Da yawansu a unguwar Irving Park suke, cikin manyan gidajen nan da za ka wuce layi guda ba ka ga mutum a ƙafa ba. Uwarku Rakiya nas ce. Motoci uku ne a ƙofar gidanmu: tasa, ta Rakiya, da wata tsohuwa mai ruwan toka da ya saya wa Amira tana jiran ta ci jarrabawar tuƙi. Duka ukun a takardar inshora guda suke, da sunansa a sama, domin a wajenmu sunan mai gida ne ke kan komai. Rakiya ta taɓa cewa a raba takardar, ya ce a gidansa ba za a yi haka ba.

Tun da na zo, safe da yamma yakan shigo ɗakina ya tsuguna a gefen gado ya gaishe ni. A shekarar da nake ba ku labari ya koma gaishe ni daga bakin ƙofa, musamman ranar Asabar, in ya dawo daga abin da yake kira aikin ƙari. Ko daga can ɗin ƙamshin kanumfari yana riga muryarsa isowa. Ban tambaye shi ba, uwa ba ta titsiye ɗan fari. Rakiya na tare a kicin wata rana.

"Mijinki ciwon haƙori yake yi?"

"A'a, Hajiya. Me kika gani?"

"Na ga kwalbar kanumfari tana ƙarewa, kuma rabon da a dama kunu a gidan nan tun azumi."

Ta ci gaba da wanke tukunyar da ta riga ta wanku. Daga nan na san ta sani, ita ma ta san na sani, muka bar maganar a wurin. Wannan shi ne laifina na farko, kuma babu wanda ya taɓa lissafa mini shi a cikinku.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar, farkon zafi. Wayar Rakiya ta yi ƙara, ta ɗauka, ta zauna a kan kujerar da ba a zama a kai saboda ƙafar kujerar ɗaya ta saki. 'Yan sanda sun tare shi a hanya, yana dawowa daga gashin nama a gidan wani abokin aikinsa. Sun kai shi ofishinsu a cikin gari, za su sa ya hura iska a na'urar da ke auna giya a numfashi. Sun ce masa doka ta ba shi damar kiran mutum guda ya zo ya ga yadda za a yi awon, za su jira rabin awa, ba za su ƙara ba. Shi ne ya kira matarsa. Ta ɗauki makulli, ni kuma na ɗauki gyalena.

"Hajiya, ki zauna, yanzu zan dawo."

"Ban tambaye ki ba. Wuce mu je."

Da muka isa cikin gari babu wurin ajiye mota, ga lokaci ya kusa cika. Rakiya ta tsayar da motar inda ba a tsayawa, ta ja ni ciki, ta gaya wa ɗan sandan da ke teburin shiga cewa ni uwarsa ce, ta koma da gudu ta matsar da motar. Kafin ta samu wuri ta dawo an rufe ƙofa. Haka aka yi na zama shaidar, ni da ban san abin da ake shaidawa ba.

Ɗakin ƙarami ne, babu taga. Tebur guda, kujeru uku, da na'urar a kan tebur kamar akwatin keken ɗinki, da ɗan tiyo a jikinta. Wata 'yar sanda ta juya mana baya tana buga rubutu. Ubanku yana ganina ya miƙe, don ba ni ya yi tsammani ba.

"Hajiya, me ya kawo ki nan?"

Maganar ba ta fita sosai, kumatunsa na hagu a kumbure.

"Da ni kake magana da abu a baki?"

Na zaro tishu daga jakata na miƙa masa. Mutum mai 'ya'ya huɗu ya sunkuyar da kai ya tofar kamar yaro. Kanumfari ne, guda biyar, sun jiƙu. Na naɗe tishun na ƙulle a bakin gyalena, domin a yadda aka tashe mu ba a barin yawun mutum a wurin da ba a san shi ba. Sai bayan nan matar ta juyo, ta dubi agogo, ta rubuta, ta yi masa magana. Ya fassara mini ba tare da ya ɗago ba.

"Ta ce za ta zauna ta kalle ni minti goma sha biyar. Kada in ci, kada in sha, kada in sa komai a baki. Ke kuma kallo ne naki."

An ce in kalla, sai na kalla. Tun da na haife shi ban taɓa yi masa irin wannan kallon ba. Na ga tabon da ke girarsa ta dama, wanda ya samu da ya faɗi a bakin rijiya yana shekara shida. A ranar ina cikin ɗaki na ji kukansa, ban fito ba, kakarsa ce ta ɗaure masa. Shekara arba'in da ɗoriya ina sane da tabon, sai a ɗakin nan na ga girmansa. Na ga kunnuwansa na ubansa ne, haɓarsa kuma tawa ce. Na ga jijiyoyin idonsa sun yi ja. Bai yi gyatsa ba, bai yi tari ba, bai kai hannu baki ba. Sau ɗaya ya haɗiye yawu. Da lokaci ya cika ya hura a tiyon har matar ta ce ya isa, aka ɗan jira, ya sake hurawa. Takarda ta fito siririya kamar rasit ɗin kanti. Ban iya karatun lambobinsu ba, amma daga baya an yi mini bayani a sauƙaƙe: iyakar da doka ta yarda da ita takwas ce, shi kuma tara ya hura, duka sau biyun. A ranar suka riƙe lasisinsa. Rakiya ce ta tuƙo mu gida.

Kwana biyu ba a yi ba mutanenmu suka fara zuwa jaje. Ina ɗakina, ƙofa a buɗe, ina jin maza a falo kowa da iliminsa. Wani ya ce na'urar nan in mutum yana da ciwon suga sai ta ɗauka giya ce. Wani ya ce ruwan kurkure baki ne. Wani ɗalibi da ke karatu a jami'ar garin nan ya ce turaren fesawa ma da sinadarin a ciki. Wani kuma ya tambaya ko ya sha kunun zaƙi da ya kwana biyu. Babbansu shi ne Alhaji Sabo, mai sayar da tsofaffin motoci, wanda ya fi kowa daɗewa a garin, shi ake kira in an yi haihuwa ko rasuwa. Shi ya yanke magana da cewa na'ura ƙarfe ce, ƙarfe kuwa yana kuskure, kowa ya ce haka ne. Aka sha shayi, aka yi addu'a, aka watse. A cikinsu babu wanda ya tambayi ubanku ko ya sha, shi ma bai ce bai sha ba.

Suka ɗauki lauya, wani Bature mai sanƙo da ofishinsa ke kusa da Elm Street. Ya ce yana son ganin shaidar, aka kai ni, Rakiya tana fassara. Na ji daɗin mutumin don ba ya sa wa magana zuma. Ya ce ƙaramar na'urar da suke miƙa wa mutum a bakin hanya ba ita ake kafa hujja da lambarta ba. Babbar ta ofis ita ce abin ji, kuma ya duba takardunta ya ga ana gwada ta a kan lokaci. Ya ce gaskiya ne tana iya ɗan kaucewa, tara kuma ba ta da nisa da takwas, amma alƙali ba ya karɓar "tana iya yiwuwa", sai an nuna masa inda aka saɓa ƙa'ida. Sannan ya zo kan minti goma sha biyar ɗin. Ya ce an sa su ne don abin da ya rage a baki, ko ya taso daga ciki, yana iya ruɗa na'urar. Shi a ganinsa kanumfari ba zai ɗaga lamba ba, amma ƙa'ida ta ce kada mutum ya ci komai a wannan lokacin. In an tabbatar yana tauna abu ba a lura ba, zai roƙi alƙali ya jefar da lambar, kuma in babu lamba shari'ar ta yi rauni sosai. Ubanku ya riga ya gaya masa cewa da kanumfari a bakinsa ya shiga ɗakin, wanda kuwa gaskiya ne. Lauyan ya juyo gare ni, Rakiya ta ce yana tambaya me na gani.

"Ki ce masa ya tofar kafin matar ta dubi agogo."

Rakiya ta yi Turanci mai tsawo, wanda ya fi maganata tsawo sau uku. Lauyan ya gyaɗa kai, ya rubuta wata rana a kati ya ba ta. Sai da muka shiga mota na yi magana.

"Me kika ce masa?"

"Na ce kin gaji, za ki je ki tuna."

"Ban gaji ba."

Da muka isa gida ta zaunar da ni a kicin, ta rufe ƙofa. Zan faɗi maganarta yadda ta yi ta, don uwarku ba muguwa ba ce, kuma duk abin da ta hango ya faru.

"Hajiya, tarar kotu ba ita ce abin tsoro ba. Inshora ce. A ƙasar nan mota ba ta hawa titi sai da ita. In alƙali ya kama shi da laifin nan, shigar da laifin za a yi a takardarsa, kamfanin inshora ya gani. Wurin aikinsa ba za su ba shi mota ba, don masu inshorarsu ba za su yarda ba. Namu kuma, motoci ukun nan a takarda guda suke. Da shi, da ni, da Amira, duk abin zai hau kanmu, kuma shekara uku ake yi."

"To me kike so in yi?"

"Ba ƙarya za ki yi ba. Cewa za ki yi kin ga kanumfari a bakinsa. Ai kin gani."

"In ya tambaye ni yaushe?"

"Ki ce ba ki duba agogo ba."

"Ban duba ba. Amma na ga wadda ta duba."

Ta kifa kai a kan tebur. Na tashi na ɗora ruwan tuwo, don magariba ta kusa kuma yara ba su ci komai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Alhaji Sabo ya zo da kansa. Aka ce yana son gaishe ni. Na fito falo na tarar da shi a kan kujera, ubanku a ƙasa gefensa, Rakiya a tsaye bakin kicin. Bayan gaisuwa mai tsawo ya shiga maganar. Ya iya magana, ba zan hana shi wannan ba. Ya ce rufin asirin musulmi wajibi ne, balle na ɗa. Ya ce a kotun nan ba Alƙur'ani ake dafawa ba, hannu kawai ake ɗagawa. Ya ce shi kansa ya ga mutanen da na'urar nan ta yi wa sharri.

"Hajiya, mu da muke baƙi a ƙasar mutane, in ba mu riƙe juna ba wa zai riƙe mu? Baban Amira bai kaɗe kowa ba, bai taɓa motar kowa ba. Tara da takwas, me ke tsakaninsu? Kalma ɗaya ce daga bakinki, ki tsame gida guda."

Na ce ya ba ni minti ɗaya. Na shiga ɗaki na buɗe akwatina na ɗauko gyalen, don tun ranar ban wanke shi ba, ban kuma kwance ƙullin ba. A gabansu na kwance shi na ajiye tishun a kan tebur, kusa da kofin shayinsa.

"Alhaji, ƙirga."

"Mene ne wannan, Hajiya?"

"Abin da kuke so in ce yana bakinsa. Guda biyar ne. Da hannuna na karɓe su kafin matar ta juyo."

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na dubi ubanku a gaban baƙo na yi masa tambaya.

"Kai, ka sha ko ba ka sha ba?"

Ya mai da idonsa kan dardumar ƙasa. Alhaji Sabo ya fara cewa ai ba a nan maganar take ba, na ɗaga masa hannu.

"Na sha, Hajiya."

"Ranar ce ta farko?"

"A'a."

Alhaji Sabo ya tuna yana da alƙawari da wani mai sayen mota. Kafin ya gama neman takalminsa na faɗa musu matsayina, kuma ina so ku ji shi da kyau, don a nan ne labarin da ake ba ku ya karkace. Na ce ba zan je kotu da ƙafata in kai ƙarar ɗana ba, ba zan kira lauya ba, ba zan gaya wa kowa ba. Amma in aka tsayar da ni aka tambaye ni, abin da ke kan teburin nan zan faɗa. Ban taɓa shiga kotun ba har yau. Shi da kansa ya koma wurin lauyan ya ce a bar maganar kanumfari, ya je ya amsa laifinsa.

Alƙali ya ci shi tara, ya sa shi aikin kyauta na wasu awanni da zuwa ajin masu shaye-shaye, aka riƙe lasisin shekara guda. An ce za a iya ba shi takardar tuƙi zuwa wurin aiki kawai, amma kafin ta fito aikin ya tafi, kamar yadda Rakiya ta faɗa. Mutanen kamfanin ba su wulaƙanta shi ba. Sun ce tsofaffin suna tambayarsa, amma masu inshorarsu sun ce a'a. Wasiƙar tamu inshorar ta zo bayan 'yan watanni. Rakiya ta buɗe a tsaye, ta karanta, ta ninke ta sa a aljihun rigar aikinta ta fita. Ban san lambar ba, na dai san an sayar da motarsa, sannan aka sayar da mai ruwan tokar, mako biyu bayan Amira ta ci jarrabawarta. Alhaji Sabo ne ya saye su duka. Shi ne kuma ya kawo shawarar a ce wa masu inshora ubanku ya bar gidan yana zaune a wani adireshi, don a sauƙaƙa wa Rakiya. Wannan karon ba a kira ni ba. Daga ɗaki na ji ubanku yana cewa, "Alhaji, a bar shi haka."

Muka bar gidan da muke haya muka koma wani ƙarami a unguwar Glenwood, cikin ɗalibai, don bas yana wucewa ta bakin layin. A nan aka haɗa ni ɗaki guda da Amira. Wata huɗu tana kwana da fuskarta a bango, in na yi mata magana da Hausa sai ta amsa da Turanci, da gangan, kalma ɗaya. Ubanku ya samu aikin loda kaya a wani sito a bayan gari. Bas biyu yake hawa, ya sauka a babbar tashar cikin gari ya canza. Daga tagar ɗakinmu ana hango inda yake tsayawa. Na gan shi cikin ruwan sama, na gan shi cikin sanyin da ke sa numfashi ya yi hayaƙi, da 'yar jakar abincinsa a hannu. Kullum sai bas ta ɗauke shi nake sakin labule. A wurin suna da walima kuwa, in na shiga sai hira ta tsaya. Wata ta taɓa cewa, "A matsa, ga Hajiya mai gaskiya ta iso," aka yi dariya. Na zauna na ci shinkafata. Rakiya sau ɗaya ta tambaye ni ko zan so in je gida Najeriya in ɗan huta. Na ce in mijinta ya ce in tafi zan tafi. Bai taɓa cewa ba.

Ban san ranar da ya daina sha ba, ban tambaya ba. A cikin shekara ta biyu ne wata safiya ya shigo har gefen gado ya tsuguna ya gaishe ni, kamar da. Na amsa ina kallon carbina. Babu ƙamshin komai a tare da shi sai sabulu. Kwalbar kanumfari ta kicin kuwa ta kai mu azumi biyu.

Da shekara ukun suka cika kuɗin inshorar ya sauko, aka saya wa Amira wata motar. Ni ta fara ɗauka, uwarta ce ta sa ta. Muna tsaye a jar wuta ta yi mini tambaya da Hausarta mai karyewa.

"Kaka, da kin san dokar minti sha biyar ɗin, za ki ce wa Baba ya tofar?"

"Kalli hanya," na ce.

A ranar ban ba ta amsa ba, yanzu zan bayar, don saboda wannan tambayar na sa Binta zaman rubutun nan. A gaban Alhaji Sabo ban yi shakka ba, domin ƙarya aka nema daga bakina, kuma ko yau aka sake nema ba za a samu ba. Amma a ɗakin nan mara taga babu wanda ya nemi in yi magana. Da na san abin da kanumfarin nan zai iya yi masa, da shiru kawai zan yi in bar shi da abinsa a kumatu, daga baya in rantse a kan abin da idona ya gani, ba tare da na yi ƙarya ko guda ba. Na juya wannan a raina shekara da shekaru, kuma ina jin da hannuna bai fito daga jakar ba. Saboda haka masu cewa na zaɓi gaskiya a kan ɗana sun ba ni abin da ba nawa ba, masu cewa na kai ƙararsa kuma sun ɗora mini abin da ban yi ba. Tishu na miƙa masa don yana magana da uwarsa da abu a baki.

Kanumfarin suna nan a ƙasan akwatina, a cikin gyalen, ƙarƙashin farin yadin da na ajiye don ranar tafiyata. Binta ta san wurin. In an ɗauki yadin, ku ba ubanku ƙullin ya zubar da hannunsa. Yawunsa ne, bai kamata wani ya taɓa ba.